Albashi Ba Ya Kai Mu Ƙarshen Wata: Shawara Kan Girki Mai Sauƙin Kuɗi da Sana'ar Hannu a Cikin Gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce a Kano, mu shida ne a gida, ni da maigida da yara huɗu, babbar tana da shekara 11, ƙaramin yana da shekara ɗaya da rabi. Maigidana malamin firamare ne, kuma abin da yake bayarwa na cefane ba ya kai mu 20 ga wata. Ina neman shawara kan girki mai sauƙin kuɗi wanda zai riƙe yara, sannan ina so in koyi wata sana'ar hannu da zan riƙa yi a cikin gida.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, 'yata. Allah ya yalwata wa maigida, ya albarkaci zuri'a. Kafin komai ina so ki cire wa ranki zargin cewa rashin iya tattalinki ne ya jawo haka. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin ɗauko kaya daga ƙauye zuwa birni ya hau, ya kuma ja farashin duk abin da ake sawa a tukunya. A watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa tsadar kayan abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a kan yadda take a daidai lokacin a 2023, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan da ya biyo baya naira 70,000 ne. Gidan mutum shida da ke jiran albashi ɗaya dole ya ji a jikinsa.

Duk da haka, a shekarun da na yi ina koyar da matan aure tattalin gida a makarantun yaƙi da jahilci, na lura cewa kuɗin cefane ba duka ne yake shiga tukunya ba. Wani kaso yana tafiya wurin mai kanti saboda sayen ƙulli-ƙulli, wani yana tashi hayaƙi a murhu, wani kuma yana ruɓewa a kwando ko ƙwari su cinye shi a buhu. Shi ya sa ba zan raba tambayoyinki biyu ba, domin aikin hannun da ya kamata ki fara da shi shi ne wanda zai toshe waɗannan ƙofofi, kuma ribarsa tana zuwa tun kafin ki sayar wa kowa da komai.

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta duk abin da ya fita daga hannunki har tsawon mako 2, kada ki raina ƙullin gishiri ko kuɗin niƙa. Mafi yawan matan da na sa su yin haka sun yi mamakin ganin cewa shayi da burodin safe, da taliyar leda da ake dafa wa yara in sun dawo daga makaranta, da man gyaɗa na ƙulli, su ne ke lashe kuɗin da ya isa sayen hatsin kwanaki masu yawa. Idan kin gama, ki nuna wa maigida littafin a lokacin da hankalinsa yake kwance, ki roƙe shi ya daina raba kuɗin cefane kullum safiya, ya ware kaso mafi tsoka a ranar da albashi ya shigo a sayi abubuwan da ba sa saurin lalacewa, wato hatsi, wake, waken suya, gyaɗa, manja, gishiri, daddawa, kuka da busasshiyar kuɓewa. Sauran kuɗin ya tsaya wa ɗanyen kaya da makamashi. Duk wanda ya sayi mai cokali-cokali ya biya kuɗin leda, ya kuma biya ribar hannu uku ko huɗu da man ya ratsa kafin ya iso gare shi.

Tunda a Kano kike, kasuwar Dawanau ba ta yi muku nisa ba, kuma can ne 'yan kasuwar unguwa su ma suke saro hatsi. Babban buhu yana cin kwano 40, kowane kwano kusan kilo 2 da rabi. A ƙiyasina, gida irin naku da ya dogara da tuwo da kunu zai ci kusan kwano guda a rana, sai dai ki auna naki da kanki don gidaje sun bambanta. Idan kuɗin buhu ya fi ƙarfinku, ku haɗa kai da maƙwabta uku ko huɗu da kuka yarda da su, mutum ɗaya ya je ya sayo, a raba hatsin a raba kuɗin mota, kamar dai yadda ake watandar sa idan salla ta gabato. A yawancin shekaru hatsi ya fi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, ya kuma fi tsada a tsakiyar damina. Amma an ga shekarar da farashi ya karye bayan kaka har masu ɓoye hatsi suka tafka asara, saboda haka ku sayi abin da za ku ci kawai, kada maigida ya ci bashi don ya tara buhuna da fatan riba.

Hatsin da aka saya da yawa yana bukatar ajiya, in ba haka ba ƙwari ne za su ci ribar. Ki tabbatar ya bushe ƙarau: ki zuba ɗan hatsin a busasshiyar kwalba tare da cokalin busasshen gishiri, ki rufe ki girgiza, idan bayan ɗan lokaci gishirin ya manne a jikin kwalbar to akwai sauran laima, sai a ƙara shanya shi. Wake kuwa ki zuba shi a jarka mai tsabta wadda ba a taɓa zuba fetur ko kananzir a ciki ba, ki cika ta har wuya, ki sa leda a bakin ki ɗaure murfin sosai. Ƙwarin da ke ciki numfashi suke yi kamar kowa, idan iskar ta ƙare sai su mutu, muddin ba a buɗe ba na kusan wata guda. Ƙananan jarkoki sun fi babba guda ɗaya, don duk wadda aka buɗe a cinye ta kafin a taɓa ta gaba. Wannan hikimar ce a cikin buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda masana a jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da takwarorinsu na arewacin Kamaru, kuma ana samunsa wurin masu sayar da kayan gona. Kada ki yarda ki zuba maganin kashe ƙwari a abin da yara za su ci. Haka kuma duk gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, ko ta canza launi, ko take ɗaci, ki tsince ta ki zubar, domin tana ɗauke da wata guba da ake kira afulatoksin wadda ke lahanta hanta tana kuma hana yara girma, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Arhar fasasshiyar gyaɗa irin ta ƙasan buhu tana cikin arhar da nake hana mutane bi.

Sai abin da za a dafa. Ƙa'idar da nake so ki riƙe guda ce: kada hatsi ya shiga cikin yaranki shi kaɗai, kullum a haɗa shi da wani abu daga dangin wake. Gero da dawa da masara suna ba da ƙarfi, amma sinadarin gina jikin da ke cikinsu yana da giɓi, wake da gyaɗa da waken suya ne suke cike shi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin wake furotin ne, waken suya kuma ya haura kashi ɗaya cikin uku, ga shi kuɗinsu bai kama ƙafar na nama ba. Iyayenmu ba su san sunayen waɗannan sinadarai ba, amma duba abin da suka bar mana: koko da ƙosai, kunun gyaɗa, garau-garau, ɗanwake, tubani, faten tsaki da gyaɗa, dambu da zogale da ƙuli-ƙuli. Kowanne haɗin hatsi ne ko rogo da ɗan'uwan wake. Shinkafa ki mayar da ita sau biyu a mako, kuma ko ita ɗin ki haɗa ta da wake, sauran ranakun a yi tuwon masara ko na dawa. Karin kumallo ya zama ɗumame ko kunu, shayi da burodi a bar shi ga ranar Juma'a don yara su ji daɗi.

Zan ɗan tsaya a kan miyar kuka, domin an raina ta har wasu matan suna jin kunyar a ga sun kaɗa ta, alhali idan an yi ta yadda ya kamata babu miyar da ta kai ta arha da amfani a ƙasar nan. Abin da ke ɓata ta shi ne gaggawa. Ki surfa wake kamar cikin tafin hannu biyu ki cire dusar, ki daka shi tare da daddawa da albasa da citta da ɗan barkono, ki zuba a ruwa tare da ƙashi ko kan busasshen kifi, ki bar shi ya yi ta dahuwa har waken ya narke, warin ɗanyen daddawa ya tafi, ƙamshi ya fito. Sai a sannan za ki rage wuta ki riƙa barbaɗa kukar kaɗan-kaɗan kina kaɗawa da maburgi don kada ta yi gudaji, ki ba ta 'yan mintuna ki sauke, ki sa ɗan manja ko man shanu idan akwai. Wadda ta dafa daddawa ta dahu ba ta bukatar dunƙule huɗu ko biyar a tukunya ɗaya, guda ɗaya ya isa, kuma mafi yawan abin da ke cikin dunƙulen nan gishiri ne. Haka za ki yi wa busasshiyar kuɓewa da karkashi. Lokacin da kabewa ta wadata kuma sai ki koma taushe, domin kabewa tana cika tukunya tana rage yawan tumatir, ita da manja kuma suna ba da sinadarin da ke kare idanun yara. Nama a irin wannan hali ɗanɗano ne ake nema da shi, saboda haka ƙashi mai ɓargo, ko bandar kifi da aka daka aka ajiye a gwangwani ana ɗiba cokali-cokali, ko fara a lokacinta, sun fi 'yar tsokar da za a yanka shida kowa ya samu abin da bai kai yatsa ba.

Game da kanwa, ki rage hannu. Tana saurin nunar da wake, amma tana lalata wasu sinadarai masu amfani a cikin abinci, kuma tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ɗan ruwan kanwa a ɗanwake ba laifi ba ne, amma wake jiƙa shi ya fi.

Awara ita ce naman talaka, kuma yin ta a gida ya fi saye a bakin titi arha nesa ba kusa ba. Ki tsince waken suya ki wanke, ki jiƙa shi awa 6 zuwa 8, da sanyi ya kwana a ruwa, da zafi kuma kada ya wuce haka don yana tsami. Ki kai a markaɗa ya yi laushi, ki ɗiga ɗan manja a ƙullun don ya kwantar da kumfa, ki ƙara ruwa ki tace da ƙyallen tata. Madarar da ta fito ki ɗora a babbar tukunya, ki tsaya a kanta don tana tasowa ta zube, ki bar ta ta tafasa sosai domin waken suya da bai dahu ba yana wahalar da ciki. A nan za ki iya ɗibar wa yara kofi ɗaya ko biyu su sha da ɗan sukari. Sauran kuma ki riƙa zuba masa ruwan tsami a hankali, ko na tsamiya ko wanda ya kwana a kan gasarar koko, har ki ga farar awara ta dunƙule ta taso, ruwan ya koma garai-garai. Ki kwashe a ƙyalle, ki sa gishiri da jajjagen attaruhu da albasa, ki ɗaure ki danne da dutse ko turmi har ta tsane. Ba dole sai an soya ta cikin mai mai yawa ba, ana iya yanka ta ƙanana a jefa a miya a madadin nama. Dusar da ta rage a ƙyallen tata ma abinci ce, ki haɗa ta da tsaki ki turara dambu, ko ki ba kaji idan kina kiwo.

Shi kuwa ɗan autanki mai shekara ɗaya da rabi, ki yi masa garin kunu na musamman: awo 6 na gero ko dawa, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa, da kowane irin ma'auni kika ga dama muddin shi ɗaya ne. Ki wanke hatsin ki shanya, ki jiƙa waken suyan ki cire ɓawonsa ki shanya sannan ki soya shi ba mai har ya yi ja-ja, ki soya gyaɗar ki murje, a niƙa su tare. Idan za ki dama, ki kwaɓa da ruwan sanyi ki zuba a tafasasshen ruwa, ya dahu kamar minti 10, ya yi kauri yadda ba zai zube daga cokali da sauri ba, ki ɗiga masa ɗan manja. Wannan haɗin ne ma'aikatan lafiya suke koya wa iyaye mata a arewa maso gabas da sunan Tom Brown. Ki ci gaba da shayar da shi har shekara 2, idan kuma kin ga yana ramewa ko ƙafafunsa suna kumbura, asibiti za ki kai shi, kunu ba zai wadatar ba.

Tumatir yana da lokacinsa. Daga Janairu zuwa Maris, sa'ad da kayan noman rani na Kadawa da kewaye suke cika kasuwar Kwanar Gafan da 'Yankaba, kwando yakan faɗi ƙasa warwas, daga Mayu zuwa Yuli kuma ya zama sai mai hali. Ki sayi abin da za ki iya a lokacin arha ki yi kauɗa da hannunki: ki wanke, ki yanka biyu ko huɗu, ki barbaɗa ɗan gishiri, ki shanya a kan tabarma da aka ɗaga daga ƙasa, ki lulluɓe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura. Cikin 'yan kwanaki zai bushe, kuma kauɗar da aka yi haka ja take fitowa babu yashi, ba kamar wadda ake shanyawa a gefen titi ba. Tattasai da attaruhu da kuɓewa duk haka. Ganye kuwa, zogale ne ko yakuwa ko rama, a inuwa ake shanya shi, don rana tana cinye launinsa da amfaninsa.

Mu koma murhu, inda kuɗi ke ƙonewa ba a lissafa shi. Ruwa idan ya tafasa ba ya wuce digiri 100 komai yawan wutar da aka hura masa, saboda haka da zarar tukunya ta tafasa ki zare itace ko ki rage gas, ki kuma rufe ta da murfin da ya zauna daram. Murhun duwatsu uku a tsakar gida yana barin mafi yawan zafin ya bi iska, amma idan kin kwaɓa laka da ɗan ƙaiƙayi kin zagaye shi, kin bar ƙofa ɗaya ta itace, za ki ga bambanci tun a ɗaurin itacen farko. Ki yi girki inda hayaƙi ke fita, kuma kada ki goya yaro a kan murhu, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana kashe mutane kimanin miliyan 3 a kowace shekara. Garwashin da ya rage ki kashe shi da yashi ki ajiye na gobe.

Ga aikin hannu na farko da nake so ki yi a wannan makon, ni ina kiransa kwandon ɗumi. Ki samu babban kwando ko kwali mai ƙarfi wanda tukunyarki za ta shiga a bar sarari kamar faɗin tafin hannu ta kowane gefe. Ki ɗinka matashi mai kauri na ƙasa, da dogon matashi da zai zagaye ciki, da wani na rufe sama, duka daga tsofaffin zannuwan auduga, ki cusa musu tsumma ko audugar rimi ko ɓuntun shinkafa, ki danna su cika sosai. Kada leda ko yadin roba ya taɓa jikin tukunya, don zai narke. Yadda yake aiki shi ne, abinci ba wuta ce take nunar da shi ba, zafi ne, kuma idan an hana zafin fita zai ci gaba da aikinsa. Waken da ya kwana a ruwa ki tafasa shi minti 15 zuwa 20, ki sauke da murfinsa ba tare da kin buɗe ba, ki sa a kwandon ki danne da matashin sama, bayan awa 3 ko 4 za ki same shi ya yi luguf. Shinkafa tafasar minti 5 ta ishe ta, sai ta yi kusan awa guda a ciki. Tukunya cikakkiya ta fi riƙe zafi a kan wadda take rabi. Sharaɗi ɗaya ne: idan abincin ya daɗe har ya koma ɗumi-ɗumi, ki sake tafasa shi kafin a ci, kuma kada ki bar shi ya kwana a ciki. Ba ya yin suya, ba ya tuƙa tuwo, amma wake da ganda da ƙashin miya da fate, waɗanda su ne masu cin gawayi, duk aikinsa ne. Wata ɗalibata da take sana'ar alale ta taɓa ce mini da farko ta ɗauka wasa nake yi, sai da ta ga buhun gawayinta ya ƙara kwanaki sannan ta ɗinka na biyu.

Aiki na biyu shi ne firjin da ba ya bukatar lantarki, kuma ɗan ƙasarmu ne ya yaɗa shi. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, shi ne ya raba dubban waɗannan tukwane a ƙauyuka a shekarun 1990, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, daga baya kuma dabarar ta kai Darfur a Sudan inda ake kiran tukunyar zir. Tukwanen ƙasa biyu ake nema waɗanda ba a shafa musu fenti ko siminti ba, babba da ƙarama. A zuba yashi a gindin babbar, a zaunar da ƙaramar a ciki yadda bakunansu za su daidaita, a cika tsakaninsu da yashi kaurin yatsu biyu ko uku, a jiƙa yashin sharkaf, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara ko tawul. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar, iska tana busar da shi, busarwar kuma tana janye zafi daga ciki, kamar dai yadda randa take sanyaya ruwa. A gwajin da ya yi, gauta ya kai kwana 27 maimakon kwana 3, tumatir da tattasai suka kai kusan mako 3. Ki ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, ki ƙara ruwa safe da yamma. Ta fi aiki da bazara da hunturu, da damina kuwa ƙarfinta yana raguwa saboda iska ta riga ta jiƙe. Kada ki sa nama ko nono ko magani a ciki don sanyinta bai kai nan ba, albasa da tafarnuwa kuma bushewa suke so.

Akwai ƙananan ayyuka biyu da yara za su taya ki. Garin gawayin da ke taruwa a gindin buhu a tankaɗe shi, a dama sitacin rogo kamar koko a kwaɓa da shi, kusan awo 1 na sitaci ga awo 10 na gari, a dunƙula a shanya kwana uku ko huɗu, ya zama gawayi. Tsofaffin buhuna kuma a cika su da ƙasa da taki, a huda gindinsu, a shuka alayyafo da yakuwa da attaruhu, a riƙa ba su ruwan alwala da na wankin shinkafa. Alayyafo yana isa tsinka cikin wata guda. Zogale guda biyu a kusurwar gida, idan ana datse kansu don su yi rassa, za su riƙe ki da ganyen kwaɗo.

Sai sana'ar da za ta kawo kuɗi. Da yawa za su ce miki ki fara da sabulu ko man shafawa, ni ban ba ki wannan shawarar a yanzu ba. Sabulu yana bukatar jari da sikeli, sodar da ake yin sa da ita tana ƙona fata tana makantar da ido, ga ki da yaro mai rarrafe da taɓe-taɓe, sannan kusan kowane layi a Kano akwai mai yin sa. Ɗinkin hula sana'a ce mai daraja, sai dai hula ɗaya mai kyau tana cin makonni, kuma wanda ya kawo zare da zane ya karɓa ya kai kasuwa shi yake kwashe mafi yawan ribar. Abin da ya fi dacewa da mai farawa da hannu wofi shi ne aikin ƙyalle. Telolin unguwa suna tara ragowar yadi har ya dame su, wasu kyauta za su ba ki, wasu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ki yanka ƙyallayen tsawon yatsa da faɗin yatsu biyu, ki wanke buhun hatsi ki yanke shi daidai girman da kike so ki kalmashe bakinsa, sannan ki riƙa cusa ƙyallen da kwarashi ko ƙusa kina ɗaurewa layi-layi a matse, ki haɗa launuka da tsari. Abin goge ƙafa ke nan na ƙofar ɗaki, kuma masu haɗa kayan ɗakin amare suna saye. Manyan ƙyallaye kuma su zama rigar matashi, jakar Islamiyya ta yara, da abin sauke tukunya. Idan hannunki ya faɗa da kwarashi, ki koyi saƙar hula da safa da rigar sanyi ta jarirai, ki fara tun da damina don kaya su taru kafin hunturu ya shigo a Nuwamba. Kwandon ɗumin ma, idan naki ya yi kyau maƙwabta suka ga amfaninsa, haja ne da ba kowa ke sayar da shi ba.

Kafin ki sa wa kowane kaya farashi, ki koma ga littafin nan naki ki buɗe masa shafi daban. Ki rubuta kuɗin zare da buhu da allura, da kuɗin motar da kika je sayo su, da awannin da aikin ya ci, sannan ki tambayi nawa ake sayar da irinsa a kasuwa. Idan abin da ya rage bayan an cire kuɗin kaya bai kai ya saya miki kwanon masara a aikin kwana biyu ba, ki canza samfuri ko ki canza sana'ar. Ki ware uwar kuɗi a gwangwani daban wanda cefane ba ya taɓawa ko da an kwana da miya ba mai, ki nemi rabin kuɗi a hannu ga duk wadda ta ba da aiki, bashi kuma ki taƙaita shi ga wadda kika san za ki iya tambayarta ba tare da zumunci ya ɓaci ba. Tallan kayan ki yi shi a gidajen suna da biki da makarantar Islamiyyar matan aure, da hotuna a WhatsApp, 'yarki mai shekara 11 kuma ta taya ki yankan ƙyalle bayan ta dawo daga makaranta ta yi aikin gida da aka ba ta, kada a ɗora mata tire.